Sauya Gadar Ƙauye: Tambayoyi da Amsoshi kan Tafiyar Aiki da Abin da Dattawa ke Tunawa

Ranar da aka rufe gadar ƙauye kowa sai ya ji a jikinsa: ɗalibi, mai jinya, mai kai kaya kasuwa. Daga wannan rana har mota ta farko ta haye sabuwar, tambayoyi ba sa ƙarewa a bakin mutane. Ga waɗanda aka fi yi, da amsoshinsu.

Me ya sa za a rushe tsohuwar gada alhali har yanzu ana bi ta kanta?

Abin da ke kashe gada ba kasafai ake ganinsa daga sama ba. Ruwa mai gudu idan ya bugi ginshiƙi yakan yi juyi a gindinsa, ya riƙa kwashe yashi da laka har ya haƙa rami a gefen harsashi. Da ambaliya ta janye sai sabon yashi marar ƙarfi ya cike ramin, mai kallo ya ga kamar ba abin da ya faru. Shekara ta zagayo, ruwa ya sake kwashe wannan yashin cikin sauƙi, ya ƙara zurfin ramin. Wannan zaizaya ta gindin ginshiƙi ita ce kan gaba wajen rusa gadojin da ke kan ruwa. Ita ta kayar da gadar Schoharie Creek a jihar New York ta Amurka a watan Afrilu na 1987, mutum 10 suka rasu.

Na biyu shi ne tsatsa. Idan ruwa ya sami hanyar shiga kankare ya kai ga rodi, rodin ya yi tsatsa, tsatsar kuma ta fi asalin ƙarfen girma ninki da yawa. Sai ta tura kankaren ya tsage, ya ɓanɓare, ƙarin ruwa ya shiga. Wanda ya sauka ƙarƙashin gada ya ɗaga kai zai ga jan tabo yana bin tsaga, ko rodi a fili ya sirance. Na uku, an gina yawancin tsofaffin gadojin ƙauye ne don ƙananan motocin zamaninsu, yau kuma tipa cike da tsakuwa ke hawa.

To ba za a iya gyara ta ba?

Ana iya yi idan lalacewar a sama take. Ana sare ruɓaɓɓen kankare, a goge rodi, a ƙara sabo, a sake rufewa. Amma idan ginshiƙi ya nutse ko ya karkata, ko kuma hanyar ruwan da ke ƙarƙashin gadar ta yi wa kogin kaɗan, faci ɓarnar kuɗi ne. Gadar da ta matse kogi tana ƙara wa ruwa gudu a daidai wurin da bai kamata ba, kuma babu gyaran da zai faɗaɗa ta.

An kafa allon aiki wata da watanni, ba mu ga komai ba. Me ake yi?

Galibi ana awo da gwajin ƙasa da zane. Safiyo yana auna faɗin kogi, tsayin gaɓa da gangaren ruwa daga sama da ƙasan gadar. Masu gwajin ƙasa suna haƙa siririn rami a duk inda ginshiƙi ko bangon bakin gada zai zauna. A cikin ramin ana saukar da bututu, a riƙa sakar masa guduma mai nauyin kilo 63.5 daga tsayin santimita 76, a ƙirga bugu nawa ya ɗauka kafin ya nutse santimita 30. Bugu kaɗan na nufin ƙasa mai laushi, bugu da yawa na nufin ƙasa mai ƙarfi. Da wannan ake yanke shawarar ko harsashi mai faɗi zai wadatar, ko sai an kafa dogayen turakun kankare har su taɓa ƙasa mai ƙarfi ko dutse.

A wannan lokacin ne kuma ake sasanta batun filayen da aikin zai ci, a kawar da bututun ruwa da wayar lantarki da suka bi ta jikin tsohuwar gada. Wannan na ƙarshe ƙaramin aiki ne a ido, amma yakan riƙe komai, domin masu bututu da masu waya ba ƙarƙashin ɗan kwangila suke ba.

Me ya haɗa injiniya da labarin dattawa?

Babban abin da mai zana gada ke son sani shi ne: ina ne ƙarshen inda ruwan nan ya taɓa kaiwa? Manyan koguna suna da ma'aunin da ake rubuta tsayin ruwa kullum. Ƙananan kogunan ƙauye yawancinsu ba su da shi. Idan babu rubutaccen awo, ana ƙiyasta ambaliya daga girman yankin da ke zubo wa kogin ruwa da kuma yawan ruwan sama, amma ƙiyasi yana buƙatar shaida. Shaidar tana bakin wanda ya shekara 60 ko 70 yana kallon wannan kogi.

Akan zana gada ta jure ambaliyar da ake kira ta shekara 50 ko ta shekara 100. Mutane da yawa suna ɗauka cewa sau ɗaya take zuwa a shekara 100. Ma'anarta ita ce a kowace shekara akwai yiwuwar 1 cikin 100 ta zo, don haka tana iya zuwa bana ta sake zuwa baɗi. Tsohon da ya nuna reshen itacen da ruwa ya taɓa lokacin yana yaro ya bai wa injiniya abin da kwamfuta ba za ta ba shi ba.

Kuma ba tsayin ruwa kaɗai dattawa ke riƙe da shi ba. Su suka san ko kogin ya taɓa sauya hanya, da gefen da yake ci kowace shekara. Su suka san inda mashigi yake kafin a yi gada, kuma sau da yawa mashigi yana inda ƙasan kogi ke da tauri. Sun san ko ambaliya takan kawo kututture da manyan rassa, abin da ke nuna tazarar da ya kamata a bari tsakanin ginshiƙai. Sun san inda ake ɗibar yashi a da, da inda aka taɓa cike rami da shara, da inda ragowar turakun wata gada da ta gabaci wannan suke binne. Injin haƙa da ya ci karo da irin waɗannan turaku ba tare da an sani ba yakan tsayar da aiki na makonni. A ganinmu, injiniyan da ya zana gadar ƙauye bai zauna da tsofaffin wurin ba ya bar rabin bincikensa.

Yaya za a tattara wannan tuni yadda zai yi amfani?

A je bakin kogin da mai labarin, kada a tsaya a tambaye shi a gida. A wurin ne zai ɗora hannu ya ce ruwa ya kai nan: dokin ƙofar wani gida, saman rijiya, wani dutse, ko hannun gadar kanta. A nan take a sa alama da fenti ko ƙusa, a ɗauki hoto, safiyo ya zo ya auna tsayin alamar. Alama ɗaya ba ta isa ba. Ana son uku ko huɗu a wurare dabam-dabam, sama da ƙasan gada, a gefe biyu na kogin.

A tambayi mutane ɗaya bayan ɗaya kafin a haɗa su, domin a taro magana takan bi bakin wanda ya fi girma ko ya fi murya. A tambayi mata kamar yadda aka tambayi maza. Wadda ta kwashe kaya daga ɗaki cikin dare ta san inda ruwa ya kai a jikin bango fiye da wanda ya ji labari da safe. Kada a sa wa mutum amsa a baki. A bar shi ya faɗa, sannan a bi da tambayoyi: kwana nawa ruwan ya yi a sama? Ya haye kan gadar ko ya tsaya a ƙarƙashi? Ruwan gudu yake yi ko kwance yake? Bakin gadar ya toshe da itace?

Shekara kuwa ba da lamba tsofaffi suka fi riƙe ta ba. Za a ce shekarar da aka haifi wane, ko shekarar da aka buɗe makaranta. A rubuta yadda aka faɗa, daga baya a nemo lambar shekarar. Idan za a naɗi murya a waya, a nemi izini, a faɗi ranar da aka naɗa a farkon naɗin, a ajiye kwafi a wuri biyu. A yi wannan duka kafin a taɓa tsohuwar gada, domin da yawa daga alamomin a jikinta suke.

Idan dattawa suka saɓa wa juna fa?

Za su saɓa, kuma ba ƙarya wani ya yi ba. Ambaliya biyu takan narke ta zama ɗaya a tunani. Wanda yake yaro a lokacin yana ganin ruwan ya fi yadda yake. Wani lokaci kuma dukansu daidai suke: idan itace ya toshe bakin gada, ruwa yakan taru ya yi tsayi a sama da gadar, ya yi ƙasa a bayanta, sai mutum biyu a gefe biyu su ga abu biyu. Injiniya yana jera alamomin a kan zane. Waɗanda suka bi gangaren kogin su ne abin dogaro, wadda ta fita daban a koma a sake tambaya. Ba a jefar da alama mafi tsayi don kawai za ta ƙara kuɗin aiki.

Ta ina za mu riƙa wucewa kafin a gama?

Hanya uku ce. Ko a gina sabuwar a gefen tsohuwar a ci gaba da bin tsohuwar, ko a yi hanyar wucin gadi da manyan bututun kankare a rufe su da ƙasa, ko a kafa gadar ƙarfe ta haɗa-haɗa. Mafi shahara a irin wannan ita ce gadar Bailey, wadda Donald Bailey ya ƙirƙira a Ingila lokacin yaƙin duniya na biyu. Kowane ɓangarenta yana da tsawon kusan mita 3, mutum shida ke ɗaukarsa, ana haɗa su a gaɓa ɗaya a tura zuwa ɗaya gaɓar.

Hanyar bututu ta lokacin ƙarancin ruwa ce, ba a yi ta don ambaliya ba. Idan ruwa ya haye kanta a tsaya. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babban mutum, santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, kuma ba wanda ya san ko ƙasar da ke ƙarƙashi tana nan. Iyakar nauyin da aka rubuta a bakin gadar wucin gadi a bi shi, mota ɗaya a lokaci ɗaya idan haka aka ce.

Wane aiki ke bin wane?

Bayan karkatar da hanya da rushe tsohuwar, sai a kare wurin haƙa daga ruwa da shingen ƙasa ko na farantan ƙarfe, a sa injin zuƙe ruwa. A haƙa harsashi ko a kafa turaku, a zuba kankaren tushe. A kansa a tayar da ginshiƙai da bangayen bakin gada biyu. A saman su ana ɗora matashin roba mai farantan ƙarfe a ciki, bim, wato doguwar sandar kankare ko ƙarfe da ke kwance daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, ya zauna a kai. Bayan bim sai dakin, wato shimfiɗar da mota ke takawa, sai hannun gada da magudanan ruwa, sai cikon bakin gada, sai kwalta. Ana rufewa da jera duwatsu ko kwandunan waya cike da duwatsu a gindin ginshiƙai da gaɓa.

Fiye da rabin wahalar tana ƙasa da inda ido ke gani. Gadar da ginshiƙanta suka fito daga ruwa ta wuce wurin da ya fi haɗari. Shi ya sa ɗan kwangila mai hankali ke ƙoƙarin gama aikin cikin kogi kafin ruwa ya dawo, ko da zai bar na sama sai daga baya.

An zuba kankare, ma'aikata sun watse. Aikin ya tsaya ne?

Ba lallai ba. Kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba. Siminti ne ke haɗuwa da ruwa a hankali, don haka sai an bar shi da danshi, aƙalla kwana 7, ana yayyafa ruwa ko a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu ko leda. A kwana 7 yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, a kwana 28 ake auna cikakken ƙarfin da aka zana. Ranar zubawa ana cika 'yan ƙananan akwatuna masu santimita 15 a kowane gefe da irin kankaren, a jiƙa su, a kai ɗakin gwaji a matse su har su fashe a kwana 7 da kwana 28. Idan sakamako bai kai ba, ba a ɗora komai a kai sai an bincika. Katakon gefe ana iya cire shi bayan kwana ɗaya ko biyu, amma tokaren da ke ƙarƙashin dakin yakan yi mako biyu zuwa uku.

Abin da ya kamata ya tayar da hankali shi ne sabon kankare a rana ba mai ba shi ruwa.

Ta yaya mutumin gari zai gane aiki mai kyau ba tare da ya shiga wurin aiki ba?

Akwai abubuwan da ake hangowa daga bayan shinge. Yashi da tsakuwa su kasance masu tsabta, ba laka ba ganye. Rodi kada ya kwanta a jikin katako. Ana sa masa 'yan ƙananan tubalan siminti su ɗaga shi, don kankare ya lulluɓe shi da kaurin santimita 4 zuwa 5, har 7.5 inda zai taɓa ƙasa. Wannan lulluɓin ne ke tsare shi daga tsatsa. A ji ƙarar injin girgiza lokacin zubawa, shi ke fitar da iska. Idan ba a girgiza ba, da an cire katako za a ga ramuka kamar saƙar zuma. Shafe su da siminti kafin injiniya ya gani ɓoye cuta ne.

Laifin da ya fi yawa shi ne ƙara ruwa a kwaɓi don ya yi sauƙin zubawa. Kankaren gada yakan ci wajen kilo 350 na siminti ko fiye a kowace mita kubik (mita ɗaya a tsawo, faɗi da tsayi), wato buhu 7 masu kilo 50, ruwan kuma bai kai rabin nauyin simintin ba. Duk bokitin da aka ƙara yana rage ƙarfi, yana barin ƙofofin da ruwa zai bi daga baya. Wanda ya ga irin wannan ya kai magana ga injiniyan da ke sa ido a madadin mai aikin, tare da rana da hoto. Jayayya da lebura ba ta gyara komai, umarni aka ba shi.

An ce aiki ya kai kashi 60 cikin 100. Me hakan ke nufi?

Yawanci yana nufin kuɗin aikin da aka auna aka amince da shi, ba kwanakin da suka rage ba. Tambayar da ta fi amfani ita ce: ginshiƙi nawa aka gama cikin nawa? An ɗora bim? Wane aiki ne dole a gama kafin ruwa ya taso?

Me ke jawo tsaiko?

Ƙasa da ta saɓa wa abin da gwaji ya nuna, har a sake zanen harsashi. Ruwan da ya zo da wuri ya cike ramin haƙa da laka. Jinkirin biyan ɗan kwangila. Rikicin diyyar fili. Motar da ke ɗauke da bim mai tsawon mita 15 ko 20 ta kasa shan kwanar hanyar ƙauye. Mako biyu da aka rasa a farkon rani yana iya zama wata shida, domin idan harsashi bai fito ba kafin damina sai an jira ta wuce.

Me ya sa sabuwar ta fi tsohuwar tsayi da faɗi? Ruwa ba zai koma gidajen kusa ba?

Ana barin sarari tsakanin ƙololuwar ambaliya da ƙasan bim, yawanci daga santimita 60 zuwa mita 1, don itace da shara su wuce. Faɗi kuwa, hannu biyu na mota yana cin wajen mita 7, ga gefen masu tafiya a ƙasa na mita 1.5.

Damuwar masu gidajen kusa tana da dalili. Idan aka ɗaga gada dole a ɗaga hanyar da ke hawa kanta, wannan tudun kuma yana iya zama madatsa ga ruwan da a da yake malala ta gefe. Maganinsa kwalbati ne a cikin tudun, a daidai inda ruwan ya saba bi. Nan ma mutanen wurin ne suka san hanyar. A faɗa tun ana zane, domin fasa tudu bayan an shimfiɗa kwalta aiki ne da ba mai son yi.

Me ke kawo gargada a bakin sabuwar gada, kuma tsagar da ke ƙarshenta laifi ce?

Tsagar da gangan aka bar ta. Gada tana miƙewa da zafi tana tsukewa da sanyi. Mai tsawon mita 30 takan motsa kusan santimita 1 idan zafi ya sauya da digiri 30. A riƙa share yashi da tsakuwa daga cikinta.

Gargada kuwa daga ciko take. Gadar tana zaune a kan tushe mai ƙarfi, ƙasar da aka cika a bayan bango kuma tana ci gaba da zama. Ana cika ta ne shimfiɗa-shimfiɗa, kowace santimita 15 zuwa 20, a jiƙa daidai, a daddanne kafin a ƙara wata. Wanda ya juye tipa goma a rami ya bi sama da rola sau ɗaya ya shuka gargada. Ƙananan ramukan da ke jikin bangon na fitar da ruwan da ya taru a bayansa ne, kada a toshe su.

Me za a iya adanawa daga tsohuwar gada?

Allon da ke ɗauke da shekarar gini, idan akwai, da duk dutse ko ƙarfen da ke da rubutu. A nemi hakan a rubuce kafin ranar rushewa, domin da injin fasa kankare ya fara ba a tsayar da shi. A ɗauki hotonta daga gefe huɗu da kuma ƙarƙashi, da mutum a tsaye don a gane girmanta. Tsofaffin hotunan da ke hannun mutane a ɗauki kwafinsu a mayar wa masu su, a rubuta wanda ke ciki da lokacin da aka ɗauka. A nemi waɗanda suka yi lebura ko birkila a ginin farko, ko 'ya'yansu. A wurinsu ake jin inda aka samo dutse da yadda aka tare ruwa da hannu. Da masu fito da suka ƙetarar da mutane kafin a yi gada, su ma a naɗi muryarsu. Alamar ambaliya mafi tsayi kuma a mayar da ita jikin sabon bango, a zana layi a rubuta shekara.

Bayan an buɗe, aiki ya ƙare?

Akwai lokacin lamuni, yawanci wata 12, wanda duk aibin da ya bayyana ɗan kwangila ne zai gyara, kuma akan riƙe wani kaso na kuɗinsa har lokacin ya cika. Damina ta farko ita ce jarrabawa. Bayan kowace babbar ambaliya a duba ko duwatsun gindin ginshiƙi suna nan, a cire itacen da ya maƙale, a buɗe magudanan dakin. A hana yanke wayar kwandunan duwatsu.

A hana ɗibar yashi kusa da gada, sama ko ƙasa. Ramin da aka haƙa a cikin kogi yana tafiya, yana cin ƙasan kogin har ya iso gindin ginshiƙi. Ɗibar yashi na cikin abubuwan da suka raunana gadar Hintze Ribeiro a kan kogin Douro na ƙasar Fotugal, wadda ta rufta a watan Maris na 2001, mutum 59 suka rasu. A sa wa ginshiƙi ɗaya ma'auni da fenti, layi a kowace santimita 10, a samu wanda zai riƙa rubuta inda ruwa ya kai da ranar da ya kai.